Ƙwaro Mai Dogon Ƙaho: Tambayoyi da Amsoshi Kan Rabe-raben Jenus

Da ruwan farko ya sauka a Kano, sai manyan ƙwari masu launin ƙasa su fara faɗowa gindin ƙwan lantarki, wani tsawonsa ya kai ɗan yatsa, ga ƙahoni biyu zarara. Yara su tsokane su da tsinke, ɗalibai masu aikin kammala digiri su jefa su a kwalba, masu lambu da 'yan katako kuwa abin da ya dame su shi ne sanin wanda ke cin itacensu. Ga tambayoyin da suka fi yawan zuwa game da yadda ake rarraba waɗannan ƙwari da sa musu suna.

Wane ƙwaro ake nufi, kuma yaya zan tabbatar shi ne a hannuna?

Iyalin da masana ke kira Cerambycidae ake nufi, sunan da Bafaranshe Pierre André Latreille ya kafa a 1802. Nau'in da aka bayyana a cikinsa ya haura 35,000, an kasa su cikin jenus, wato gidajen da ke tara nau'o'i 'yan uwan juna, wajen 5,000. Abin da muke ce wa ƙaho ba ƙaho ba ne irin na sa. Eriya ce ta taɓawa da sansanar ƙamshi, kuma a yawancinsu gaɓa 11 gare ta.

Tsawon ƙaho shi kaɗai ba hujja ba ne, don kyankyaso da gyare ma suna da shi, a cikin iyalin kuma akwai masu gajeren ƙaho. Samo gilashin ƙara girma mai ninki 10 ka duba abu uku. Bayansa ɓawo ne mai tauri guda biyu da suka haɗu a miƙaƙƙen layi a tsakiya, su ne murfin fiffike. Idonsa, a mafi yawansu, a lanƙwashe yake kamar ƙwayar wake, ya rungumo gindin ƙahon. Sai tafin ƙafa, wato ƙananan gaɓoɓin da ke ƙarshen kowace ƙafa: huɗu za ka ƙirga, alhali biyar ne, ta huɗun ƙanƙanuwa ce ta maƙale a tsagar ta uku mai leɓe biyu. Irin wannan tafin ne da ƙwaron da ke huda wake a buhu, *Callosobruchus maculatus*, don iyalansu maƙwabtan juna ne a babban rukunin Chrysomeloidea.

Mene ne jenus, kuma a ina yake cikin jerin matakai?

Kamar yadda ake tambayar asalin mutum a cikin Birni ne: wace unguwa, wane gida, sannan sunansa. A nan matakan daga sama su ne iyali, reshe, ƙabila, jenus, nau'i. Ƙarshen kalma yana gaya maka matakin da kake: -idae iyali ne, -inae reshe, -ini ƙabila. Ɗauki ƙwaron da ke yanke rassan kashu. Iyalinsa Cerambycidae, reshensa Lamiinae, ƙabilarsa Ceroplesini, jenus ɗinsa *Diastocera*, cikakken sunansa *Diastocera trifasciata*.

Jenus shi ne gidan, tarin nau'o'in da ake ganin kakansu ɗaya kuma suna da siffar da ta raba su da maƙwabta. Sai dai ba a ajiye wani mudu ba da za a ce in bambanci ya cika shi sai a buɗe sabon gida. Hukuncin masani ne bisa hujjar da ya kawo, wani masanin kuma yana iya zuwa da hujjar da ta fi tasa ya warware. Shi ya sa littattafai biyu masu kyau kan saɓa a kan ƙwaro ɗaya.

Rassa nawa ne, kuma waɗanne zan gamu da su a Kano?

Tsarin da aka fi bi yanzu, wanda Petr Švácha da John Lawrence suka fitar a 2014, ya ƙirga takwas: Parandrinae, Prioninae, Lepturinae, Necydalinae, Spondylidinae, Dorcasominae, Cerambycinae da Lamiinae. Vesperidae da Oxypeltidae da Disteniidae, waɗanda a da ake cusawa ciki, an ware su sun zama iyalai masu cin gashin kansu. In tsohon littafin laburare ya ba ka wani adadi daban, dalilin ke nan. A Kano da kewayenta kusan duk abin da ka kama cikin rassa uku zai faɗa.

Prioninae su ne manyan nan masu launin ƙasa ko baƙi da ke bin fitila da dare. Shaidarsu tana jikin garkuwar wuya, wato farantin da ke tsakanin kai da murfin fiffike: gefenta yana da kaifin baki daga gaba zuwa baya, sau da yawa da haƙora ko ƙayoyi a jere. Muƙamuƙinsu yana fasa fata, don haka ta gefen kafaɗu ake riƙe su.

Lamiinae shi ne reshe mafi girma, fiye da rabin iyalin yana cikinsa. Ka dube shi ta gefe: fuskarsa a tsaye take shafal, kamar an sare ta da wuƙa, baki yana kallon ƙasa. Juya ƙwaurin ƙafar gaba, ta ciki za ka ga tsagi a karkace. 'Yan yatsun bakinsa kuma da tsini suke ƙarewa.

Cerambycinae kansa ya miƙe gaba ko ya ɗan sunkuya, 'yan yatsun bakinsa a datse suke a ƙarshe, babu tsagin nan a ƙwauri, garkuwar wuyansa kuma a mulmule take ba kaifin baki, ko da akwai ƙaya ɗaya a kowane gefe.

Akwai gwajin kunne ma. Yawancin 'yan Lamiinae da Cerambycinae in ka riƙe su za su riƙa gyaɗa wuya suna ƙiƙi-ƙiƙi, saboda bakin garkuwar wuya yana goga wani faranti mai layi-layi da ke ƙarƙashinta. Prioninae ba su da wannan farantin.

Sauran biyar ba su cika shafarmu ba. Lepturinae sun fi yawa a ƙasashen sanyi, a kan furanni ake ganinsu. Spondylidinae galibi itatuwan fain suke ci, Dorcasominae cibiyarsu Madagaska, Necydalinae masu gajeren murfin fiffike ne da ke kama da zanzaro, Parandrinae kuwa gajeren ƙaho gare su, a ruɓaɓɓen itacen kurmi suke.

To bayan reshe, da me ake raba jenus da jenus?

A nan aikin yake, kuma rabinsa a ƙarƙashin cikin ƙwaron ake yinsa. Ɗalibin da bai taɓa kifar da samfurinsa ba bai fara ba tukuna.

Fara da gaɓar farko ta ƙaho, mai kaurin nan da ke manne da kai. A wasu ƙabilun Lamiinae akwai wani tabo mai kaushi a ƙarshenta, da ɗan tudu ya zagaye shi. In tudun ya kewaye tabon gaba ɗaya sai a ce rufaffe ne, in ya tsaya a hanya buɗaɗɗe ne, in babu tabon sam wannan ma amsa ce. *Monochamus* da 'yan uwansa suna da shi. Daga nan a auna gaɓa ta uku, a gwada ta da ta farko da ta huɗu: wace ce ta fi tsawo, da nawa? A duba ko akwai ƙaya a ƙarshen gaɓoɓin, ko tuntun gashi.

Sai farata biyu na ƙarshen ƙafa. Ko dai sun buɗe sarai kowane ya kalli nasa gefen a layi ɗaya, ko sun buɗe kaɗan kamar almakashi, ko kowane yana da ƙarin haƙori a gindinsa, kamar yadda ake gani a *Oberea* da *Nupserha*, siraran nan masu huda ɗanyen kara. Wannan siffar ita kaɗai tana jefar da ƙabilu da dama daga lissafi.

A kifar da ƙwaron a duba ramin da gindin ƙafar tsakiya ke zaune: ta waje a rufe yake, ko a buɗe har ya taɓa farantin gefe? Tsakanin ƙafafun gaba akwai ɗan harshe, tsakanin na tsakiya ma akwai. A lura ko harshen shimfiɗaɗɗe ne, ko ya yi ƙullutu, ko ya yanke tsaye. A ido kuma ana gwada tsawon ɓangarensa na ƙasa da tsawon kumatun da ke ƙarƙashinsa, a duba ko lanƙwasar ta raba idon gida biyu. Girman ƙwayoyin idon ma yana magana: manya na masu yawon dare ne, ƙanana na masu yawon rana.

In duk wannan bai raba gardama ba, sai al'aurar namiji. Ana jiƙa samfurin ya yi laushi, a zaro ƙarshen cikin da ɗan hantsaki, a sa a ruwan sinadarin KOH mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ya kwana in ruwan sanyi ne, ko 'yan mintoci in an ɗumama. A ɗauraye, a ajiye cikin ɗigon gilisarin a 'yar kwalba, a soke ta a allurar da ke ɗauke da ƙwaron don kada su rabu. In ya daɗe a sinadarin zai zama garai-garai ya lanƙwame, siffar da ake nema ta ɓace.

Ana bin waɗannan siffofi ne ta mabuɗi, wato jerin tambayoyi bibbiyu da kowace amsa ke tura ka gaba. Babban tarko shi ne ɗaukar mabuɗin ƙwarin Turai ko Amurka a gwada ƙwaron Kano da shi. Mabuɗi ba ya cewa ban san shi ba. Ko yaya aka yi sai ya fitar maka da suna, sunan kuma na wani ne.

Launi da girma fa? Ai su ido ya fara gani.

Su ne kuma suka fi yaudara. Launin 'yan Lamiinae da yawa na gashi ne mai laushi da ke kwance a kan ɓawo, ƙwaron da ya tsufa ko ya sha gogayya a kwalba sai ya koma baƙi wuluk. Jenus da ba su haɗa komai ba sukan yi ado iri ɗaya, baƙi da ja ko baƙi da rawaya, don tsorata tsuntsaye. Girma kuwa ya danganta da abin da tsutsa ta samu a cikin itace. 'Yan uwa ɗaya, wani sai ya kusa ninka wani.

Ga kuma bambancin mace da namiji. Ƙahon namiji yakan fi tsawo nesa ba kusa ba, a Prioninae kuma akwai maza masu zabgegen muƙamuƙi da maza masu ƙarami. An sha bayyana mace da namijin nau'i ɗaya da suna biyu, daga baya a gano a haɗe.

Me ya sa sunan ƙwaro ɗaya yake ta canzawa? Wanne zan rubuta?

Akwai dokar sa wa dabbobi suna ta duniya, wadda ake taƙaita sunanta da ICZN. Bugu na huɗu ya fito a 1999, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2000. Lissafin sunaye kuwa daga 1758 yake farawa, shekarar da Carl Linnaeus ya fitar da bugu na 10 na littafinsa Systema Naturae. A wancan lokacin gidaje uku ne suka ɗauke kusan duk masu dogon ƙahon da ya sani: *Cerambyx*, *Leptura* da *Necydalis*. Geoffroy ya buɗe *Prionus* a 1762, Fabricius ya buɗe *Lamia* a 1775. Audinet-Serville tsakanin 1832 da 1835, James Thomson a 1864, da Lacordaire tsakanin 1869 da 1872, su suka yi ta yanka manyan gidajen nan ƙanana-ƙanana, kuma har yau ginin ƙabilu a kan harsashin Lacordaire yake tsaye.

Abin da ke hana sunaye yawo barkatai shi ne turke. Kowane jenus an ɗaure sunansa a jikin nau'i ɗaya tak, kamar akuya a turke. Turken *Cerambyx* shi ne *Cerambyx cerdo*, na *Lamia* shi ne *Lamia textor*. In aka raba jenus gida biyu, tsohon suna yana bin ɓangaren da turken yake, ko da ɓangaren ne mafi ƙanƙanta, sauran kuma a nema musu wani. Haka *Acanthophorus confinis* na tsofaffin takardu ya zama *Tithoes confinis*, haka kuma masu huda gindin kashu da mangwaro da aka sani da *Plocaederus* a Afirka da Asiya suka koma *Neoplocaederus*, jenus ɗin da Gianfranco Sama ya kafa a 1991.

Dalili na biyu shi ne rigaye: wanda ya riga, shi ke da suna. Ƙwaron kashun nan Fabricius ya bayyana shi a 1775 da sunan *Lamia trifasciata*. Shekara da shekaru takardun aikin gona a Najeriya suna kiransa *Analeptes trifasciata*. Amma *Diastocera*, sunan da Dejean ya wallafa a 1835, ya girmi *Analeptes*, kuma a kan ƙwaro ɗaya suke, don haka ƙarami ya ba babba wuri. Wanda ke neman abin da aka rubuta a kansa sai ya bincika da sunayen biyu, in ba haka ba rabin takardun za su wuce shi.

Na uku, ba a yarda jenus biyu a duk faɗin dabbobi su yi suna ɗaya ba. In aka tarar sunan da aka ba ƙwaro an riga an ba kifi ko katantanwa, sai na baya ya canza. Wani lokacin kuma saɓanin ra'ayi ne zalla: ƙwaron da ke huda itacen kofi a gabashi da kudancin Afirka za ka gan shi *Anthores leuconotus* a wata takarda, *Monochamus leuconotus* a wata.

Wanda za ka rubuta shi ne wanda ke aiki a kundin da masana ke sabuntawa, irin su rumbun Titan na intanet, wanda aka keɓe wa wannan iyali kaɗai. Ka faɗi kundin da ka bi da ranar da ka duba, ka ambaci tsohon sunan sau ɗaya.

Me ya sa ake sa sunan masani a cikin baka wani lokaci, wani lokaci ba a sawa?

Bakan ba ado ba ne. *Cerambyx cerdo* Linnaeus, 1758 ba shi da baka don har yau yana gidan da Linnaeus ya sa shi. *Hylotrupes bajulus* (Linnaeus, 1758) yana da baka don a *Cerambyx* aka fara bayyana shi, daga baya aka yi masa ƙaura. Ƙaura kan taɓa ƙarshen kalma ta biyu ma, don ta dace da jinsin sabon jenus a nahawun Latin: *Cerambyx moschatus* ya zama *Aromia moschata*. Jenus da babban baƙi yake farawa, nau'i da ƙarami, a karkata rubutun duka biyu, in da biro ne a ja layi a ƙasa. In jenus kaɗai ka tabbatar, rubuta misali *Crossotus* sp., wato ba a tantance nau'in ba, ka tsaya nan. Ya fi ƙirƙiro nau'i don a cika shafi.

Waɗanne jenus ne ya kamata mai aiki a Arewa ya fara sani?

A Prioninae, *Tithoes* da *Macrotoma*. *Tithoes* yana da manyan ƙayoyi a gefen garkuwar wuya da muƙamuƙi mai ban tsoro, *Macrotoma* kuwa dogo ne, gaɓar ƙahonsa ta uku ta fi sauran tsawo sosai, gefen garkuwarsa da ƙananan ƙayoyi a jere. *Macrotoma palmata* ya bazu daga Masar har kudancin Afirka. *Mallodon downesii*, shimfiɗaɗɗe mai sheƙi, na ruɓaɓɓen gungume ne, tsofaffin takardu suna sa shi a *Stenodontes*.

A Lamiinae, *Crossotus* da *Ceroplesis* suna tare da itatuwan ƙaya dangin bagaruwa. *Coptops aedificator*, mai launin ɓawon itace, ba ya zaɓen mataccen itacen da zai ci. *Apomecyna binubila* ƙarami ne, tsutsarsa tana huda yaɗon kankana da kabewa da danginsu, don haka masu noman rani su san da shi. *Phryneta* da *Sternotomis* sun fi son dangin ɓaure. *Diastocera trifasciata*, baƙi mai ɗamara uku ruwan lemo, ya fi yin suna a gonakin kashu na Kogi da Kwara da Oyo, amma yana cin kuka da rimi da faru. Mace da namiji ne ke haɗuwa su gwaguye reshe a zagaye har ya bushe, macen ta saka ƙwai a busasshen ɓangaren. Maganinsa na farko tsince manyan da hannu, da tattara yankakkun rassan a ƙone.

A Cerambycinae, *Neoplocaederus* yana da wata shaida mai daɗin ganewa: tsutsarsa tana gina wa kanta ƙwanso mai tauri kamar ɓawon ƙwai kafin ta rikiɗe. *Cordylomera spinicornis* yana bin sababbin gungumen dangin maɗaci. *Phoracantha*, mai cin itacen turare, ɗan Ostareliya ne da ya bi itacen zuwa kudanci da arewacin Afirka.

Malam, katakona a kasuwar katako ta Na'ibawa yana zubar da gari. Shi ne wannan ƙwaron?

Ba lallai ba. Dubi ramin da garin. Ƙananan huji kamar na allura, milimita 1 zuwa 2, da gari mai laushi kamar fulawa, aikin ƙananan ƙwarin iyalin Bostrichidae ne. Babban ɗan wannan iyali, *Apate*, baƙi ne mulmulalle, kansa a ɓoye ƙarƙashin garkuwa, ƙahonsa gajere mai kulki a ƙarshe, yana huda ɗanyen itace da zagayayyen rami. In ka ga ƙasa a cikin ramin ko rufin laka a jikin katako, gara ce. Mai dogon ƙaho raminsa babba ne, a ciki siffar ƙwai gare shi, cike da dusa mai kaushi ko zare-zaren itace, kuma cikin dare mai shiru ana jin tsutsar tana ƙwaƙular katako.

Yawancinsu tun itacen yana gungume da ɓawonsa aka saka ƙwan, sai tsutsar ta biyo mota daga Kudu. Shi ya sa ƙwaron da ya fito daga katako a Kano ba lallai ɗan Kano ba ne, kuma dole a rubuta haka a takardar samfurin. Irin wannan tafiya ce ta kai *Anoplophora glabripennis* daga Asiya zuwa birnin New York, inda aka gano shi a 1996. Ƙa'idar ISPM 15 ta katakon ɗaure kaya tana neman zafi ya kai digiri 56 har tsakiyar katako na tsawon minti 30. Feshin magani a saman katako ba ya isa ga tsutsar da ta riga ta nutse.

Tsutsa kawai na samu. Za a gane jenus da ita?

Reshe dai ana iya ganewa: tsutsar Lamiinae ba ta da ƙafa, kanta dogo ne ya shige cikin jiki, ta Prioninae da yawancin Cerambycinae kuwa suna da 'yan guntayen ƙafafu shida. Jenus kuma sai an yi sa'a, don tsutsotsin yawancin nau'o'in Afirka ba a bayyana su ba. Hanya mafi tabbas ita ce reno. Yanko guntun itacen, ka shafe bakinsa biyu da narkakken kyandir don kada ya bushe da wuri, ka sa a bokiti mai murfin ragar ƙarfe, a inuwa. Lokacin hunturu a yayyafa masa ruwa kaɗan duk mako. Ana iya jira wata da watanni, manyan ma fiye da shekara. Wadda za a adana kuma a tsoma ta a ruwan da ya tafasa minti ɗaya zuwa biyu kafin a sa ta a etanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80. In aka jefa ta kai tsaye baƙi za ta yi.

Yaya zan adana babban ƙwaron don masani ya iya aiki da shi?

Kashe shi a firiza, kwana ɗaya zuwa biyu, kowane a robarsa, don in ka haɗa su za su ciccije wa juna ƙaho da ƙafa. In wuta ba ta tsayawa, kwalba mai auduga da ɗigon etil asitet ta wadatar. Soke shi tun yana da laushi, da allurar ƙwari mai lamba 3, manya ƙwarai lamba 5, ta murfin fiffike na dama kusa da kafaɗa, ka bar kimanin santimita 1 a sama don riƙewa. Ba a sokewa a tsakiya ko a garkuwar wuya, nan siffofin suke. Allurar tela tsatsa take yi ta fasa samfurin. Kwantar da ƙahonin baya a gefen jiki, ka tokare su da wasu allurai har ya bushe. Da hunturu mako guda ya isa, da damina sai biyu ko fiye, kuma in aka rufe akwati kafin ya bushe fumfuna ce za ta biyo baya. Wanda ya riga ya bushe ya ƙage kada a taɓa ƙahonsa. A sa shi a rufaffiyar roba mai jiƙaƙƙen tsumma ya kwana ɗaya ko biyu tukuna.

Takardar da ke ƙarƙashinsa ta fi allurar muhimmanci: ƙasa, jiha, wuri, lambobin GPS, rana da wata da shekara, wanda ya kama, da itacen da aka same shi ko kuma a fitila ne. A rubuta wata da lambar Rumawa, 14.vi.2024, don kada a rikita shi da rana. A yi da fensir ko tawadar da ba ta narkewa. A sa kafur a kusurwar akwati saboda kiyashi da ƙananan ƙwarin da ke cin busasshen samfuri.

Gwajin DNA bai kawo ƙarshen gardamar ba?

Ya taimaka, ya kuma tono sababbi. Guntun DNA da aka fi karantawa, wanda ake kira COI, mai harafi 658, yana da kyau wajen haɗa tsutsa da babba, ko mace da namiji, ko gane nau'in da wani ya riga ya karanta ya zuba a rumbunan DNA na intanet, BOLD ko GenBank. Amma nau'o'inmu kaɗan ne a rumbunan, sai kwamfuta ta ba ka wanda ya fi kusa, ko da kusancin na nesa ne. Kuma guntu ɗaya ba ya yanke iyakar jenus. Binciken da aka wallafa a 2020 a kan ƙabilun Lamiinae ya nuna da yawansu tarin masu kama ne kawai, ba 'yan kaka ɗaya ba. A wannan reshen ne kuma Stephan von Breuning, wanda ya rasu a 1983, ya bayyana dubban nau'o'i, da yawa cikin 'yan layuka kaɗan, har yau ana bin su ɗaya bayan ɗaya ana tantancewa. In kana son gwajin, cire ƙafar tsakiya ɗaya tun ƙwaron yana sabo, ka sa a etanol mai ƙarfin kashi 95 zuwa sama, a sanyi. Sifirit ɗin kemis ba ya wannan aikin.

Hoton waya ya isa a gane shi? Ina kuma zan kai samfuri?

Hoton baya shi kaɗai yakan kai ka ƙabila, wani lokaci jenus. Ɗauki biyar: baya, gefe, fuska, ƙarƙashin ciki, da tafin ƙafa, da rula a gefe, a hasken inuwa ba filasha ba. A manhajar iNaturalist akwai masana wannan iyali da ke duba hotuna, amma sunan da manhajar ta fara kawowa da kanta shawara ce kawai. A gida, fara da malaman ilimin ƙwari a Jami'ar Bayero, sannan ma'ajiyar ƙwari ta Samaru a Zariya, inda za ka gwada naka da waɗanda aka riga aka tantance. Na kashu da koko aikin cibiyar binciken koko ta CRIN ne a Ibadan, na katako kuma cibiyar binciken gandun daji ta FRIN. Samfuran asali na yawancin nau'o'in Afirka ta Yamma suna gidajen tarihi na Landan da Faris da Tervuren a Beljiyam. Aika samfuri waje yana bukatar izini, ta hannun jami'a ko cibiya ake bi.

In na ga kamar sabon jenus ne na samu fa?

Mafi yawan lokaci tsohon jenus ne da mabuɗinka bai ƙunsa ba. Kafin a ce sabo ne sai an gwada shi da turken kowane jenus na kusa, an karanta bayanansu na asali, waɗanda da yawa da Faransanci ko Jamusanci ko Latin suke. In ya tabbata, doka tana neman a rubuta siffofin da suka raba shi da sauran, a faɗa ƙarara cewa sabon suna ne, a kuma kafa masa turke, sharaɗin da ya hau kan duk jenus da aka bayyana bayan 1930. In mujallar ta intanet ce kaɗai, tun gyaran 2012 dole a yi wa aikin rajista a ZooBank, rumbun rajistar sunayen dabbobi. Suna da aka sa a kundin digiri da ba a wallafa ba, ko a Facebook, ba ya cikin lissafi. Samfurin asalin kuma a ajiye shi a ma'ajiyar da wasu masana za su iya zuwa su duba, a rubuta sunan ma'ajiyar a cikin takardar.